Kafin a ce hed ya mutu: yadda ake binciken famfon dattin tawada a firinta

Duk yaron da ya shigo koyon gyaran firinta mai tawada, abu uku yake fara kamawa: kilinin, risetin, sai canjin hed, wato kan nan da ke kai da komo yana fesa tawada a kan takarda. An kawo firinta tana tsallake layi ko wata kala ta ɗauke, sai ya danna kilinin. Ba ta gyaru ba, ya ƙara dannawa. Haka zai yi ta yi har tawada ta yi ƙasa a tanki, sannan ya ce wa mai kaya hed ya mutu, a kawo kuɗin sabo. Hed kuwa shi ne mafi tsada a jikin firinta, har wani lokaci jin kuɗinsa yakan sa mai ita ya haƙura da ita ɗungurungum.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Hed lafiyarsa lau. Ciwon yana can kusurwar dama, inda hed ke komawa ya kwanta in ya gama aiki, a jikin wani ɗan famfo da ke zuƙo tawada daga bakinsa ya zubar. In famfon nan ba ya ja, duk kilinin da za ka yi aikin banza ne, sabon hed ɗin da aka saka ma toshewa zai yi kamar na fari.

Yadda wurin yake aiki

Bakin hed ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani. A Epson L3110, baƙi yana da 180, kowace kala kuma 59. Tawada in ta sha iska bushewa take yi, shi ya sa aka yi wa hed mazauni: wani ɗan murfi mai leɓen roba da soso a cikinsa, da sifirin a ƙarƙashi da ke tura shi sama ya manne da fuskar hed. Daga gindin murfin siririn tiyo ya fito, ya bi ta cikin famfo, ya ƙare a kan audugar da ke shanye dattin tawada. A gefe kuma akwai waifa, ɗan zirin roba mai goge fuskar hed.

Shi famfon ba fistin a cikinsa, ba fanka. Tiyon ne aka lanƙwasa a cikin wani zagayayyen gida, 'yan tayoyi suna bi ta kansa suna matse shi suna wucewa, yadda mahauci ke tatse hanji da yatsu biyu. Abin da ke gaban matsin ana tura shi gaba, bayan matsin kuma tiyon ya koma siffarsa, to wannan komawar ce ke zuƙowa. Saboda haka dole tiyon ya zama mai laushi da dawowa, dole kuma leɓen murfi ya manne ba kafa. In iska ta sami kafa ko ta kai sililin gashi, ita famfo zai ja ya bar tawada, don ta fi sauƙin ja. A yawancin ƙananan firintoci famfon ba shi da injin kansa, injin jan takarda ne ke juya shi ta hanyar giyoyin roba. In ya juya ta fuska ɗaya tayoyin su matse, in ya koma baya su saki, don kada tiyo ya kwana a matse ya manne.

A ƙasarmu wannan sashe ya fi kowanne shan wahala. Tun da Epson ya fara fitar da firinta mai tanki a Indonesiya a 2010, irinta ta cika shagunan buga takardu da na hoton fasfo da katin biki. Sharaɗin da kamfanin ya rubuta na aikinta shi ne zafin digiri 10 zuwa 35, da laimar iska kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Bazarar Kano ko Sakkwato ko Damagaram takan haura digiri 40, da hunturu kuma laima takan faɗi ƙasa da kashi 20. Ƙura ta sauka a kan jiƙaƙƙen soso ta zama taɓo. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, hed ya tsaya a tsakiya ba murfi har gari ya waye. Masu buga riguna da kofuna da tawadar sablimeshin, da masu zuba tawadar figimen, nasu famfon ya fi saurin daskarewa.

Kayan aiki

Sukundireba mai bakin giciye, doguwa da gajeruwa
Hantsaki da tocila
Sirinji na mililita 10 ko 20, ba allura, da guntun tiyo da ya yi daidai da bakinsa
Tataccen ruwa, ko ruwan wanke hed da masu sayar da tawada ke sayarwa
Tsinken auduga, da ƙyalle marar zubar da zare
Safar hannu, tsoffin jaridu, da kwalbar zuba datti
Giris ɗin da aka yi don giyar roba
Waya mai ɗaukar hoto

Gargaɗi a kan ruwan: mutane da yawa ruwan batir suke saye a matsayin tataccen ruwa. Ka tabbata wanda ba asid a cikinsa aka ba ka. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri in sun bushe. Fetur da kananzir da tina kuwa kada su matso kusa, suna kumbura roba, suna cinye leɓen murfi.

1. Tambayi mai kaya, ka karanta abin da firintar ke faɗa

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka tambaya: yaushe rabonta da aiki? Wace tawada ake zuba mata, an taɓa canza iri? An ɗauko ta a mashin ko an karkata ta? Wani ya taɓa buɗe ta? Amsoshin nan sukan rage maka rabin bincike.

Sannan ka rarrabe saƙon cikar auduga da lalacewar famfo, domin nan ne masu koyo suka fi ruɗewa. In fitilar takarda da ta tawada suna ƙyaftawa a Epson irin L3110, ko Canon ta nuna 5B00, ko P07 a ɗan allon G2010, firinta cewa take lissafin audugarta ya cika. Ba na'urar da ke taɓa audugar ta ji jiƙarta. Ƙidaya ce kawai take yi ta yawan tawadar da ya kamata a ce an zubar. Famfo na iya mutuwa murus, auduga a bushe, ƙidayar tana ta hawa. Risetin kuma sifili kawai yake mayar da lambar, ba ya buɗe tiyo, ba ya gyara giya. A wasu Canon lambar 5C00 ce ke nuna cewa sashen famfon kansa bai juya ya kai inda ake jiransa ba.

Ka buga gwajin layuka ka ajiye takardar. In giɓin da ke cikin layukan yana nan wuri guda bayan kilinin, busasshiyar tawada ce a bakin hed. In giɓin yana yawo, yau nan gobe can, iska ce. In kuwa kaloli sun gauraya bayan kilinin, ruwan ɗorawa ya yi duhu, tawada ce ke kwanciya a murfi hed yana sake shanta, kuma wannan kusan kullum famfo yake nunawa. Ka leƙa makullin tanki ma. Tsofaffin Epson irin L210 suna da ɗan abin murɗawa da ke rufe hanyar tawada lokacin tafiya, wasu Canon G ma suna da shi. In a rufe yake, ba abin da famfo zai jawo.

2. Saki hed ba tare da dole ba

In firinta a kashe take, akwai 'yar sakata da ke riƙe keken da ke ɗauke da hed a mazauninsa. Wanda ya fizge shi da ƙarfi ya karya sakatar ko ya gurɗe murfi, ya ƙara ciwo a kan ciwo. Kunna ta, da zarar keken ya baro kusurwa sai ka zare wayar wuta daga bango. Yanzu zai tafi da hannu salin alin. Tura shi tsakiya, ka shimfiɗa ƙyalle mai ɗan danshi a ƙarƙashinsa don kada bakinsa ya bushe kafin ka gama. Akwai siririn zirin roba mai haske da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan a bayan keken. Da shi firinta ke sanin inda hed yake. Yatsa mai tawada ya taɓa shi, keken zai riƙa dukan bango.

3. Duba da ido

Haska murfin da tocila. Soson da ke aiki yana da danshi amma ba ruwa kwance. In ka ga tawada ta taru tana ƙyalli, ja ya tsaya. In ya bushe ƙamas ya yi ɓawo, ya daɗe bai ga tawada ba. Bi leɓen robar da kallo ko'ina: busasshiyar tawada, gashi, guntun takarda, tsagewa. Danna murfin da tsinken auduga a kusurwoyinsa huɗu, ya kamata ya nutse ya dawo daidai. In gefe guda ya kwanta, sifirin ya goce ko ya ɓalle. Duba waifa ko ta lanƙwashe ko ta yi kauri da datti. Ka ɗaga firintar kaɗan ka dubi ƙasanta da teburin da take kai. Tawada a ƙarƙashin kusurwar famfo alama ce tiyo ya zare ko ya fashe, a ƙarƙashin auduga kuma ambaliya ce.

4. Gwajin ruwa

Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, kuma ban ga dalilin da zai sa a yanke wa hed hukunci ba a yi shi ba. Ɗiga ruwa da sirinji cikin murfin har soson ya rufe, amma kada ya tumbatsa. Mayar da keken kusa da mazauninsa, ka kunna firinta, ka sa ta yi kilinin guda. Sake sakin hed kamar yadda aka yi a baya ka duba.

In ruwan yana nan yadda ka bar shi, ko dai hanya ta toshe, ko tiyo ya zare, ko famfo ba ya juyawa. In ruwan ya tafi, famfo yana juyawa, hanya kuma a buɗe take. Sai dai a nan ne wasu ke yin gaggawar cewa komai lafiya. Shanye ruwa daga buɗaɗɗen murfi abu ne mai sauƙi, famfo mai rauni ma zai iya. Jawo tawada ta ƙofofin da suka fi gashi siranta shi ke bukatar ƙarfi da mannewa, wannan gwajin kuma bai auna su ba. Saboda haka kowace amsa ka samu, ka wuce mataki na gaba.

Ka kasa kunne lokacin da take kilinin. Famfo mai lafiya gurnani yake yi a jere. Ƙaƙas-ƙaƙas ko tsalle-tsallen sauti giya ce ke zamewa, to kashe ta nan take kafin sauran haƙoran su bi.

5. Gwajin sirinji

A yawancin Epson L, audugar tana baya, noti ɗaya ke riƙe da marfinta. Cire ta, za ka ga bakin tiyon datti. Bari hed ya koma mazauninsa da kansa, ka kashe firinta ta maɓallinta don murfi ya hau daidai. Haɗa sirinji da bakin tiyon ka ja a hankali. Hannunka ne zai gaya maka abin da ke ciki.

In ka ji ɗan nauyi, can sai tawada ta biyo baƙi ƙirin, to murfi ya manne, hanya a buɗe, hed yana ba da tawada. Laifin na famfon ne shi kansa, tayoyi ko giya ko tiyon da ya gaji. In sirinjin ya taho fayau, iska zalla ko kumfa, akwai kafa: leɓen murfi, sifirin, tsagewa a tiyo, ko mahaɗar da ta saki. Wasu firintocin suna da tiyo na biyu mai ɗan bawul da ke shigar da iska cikin murfi in an gama zuƙa. In datti ya hana bawul ɗin rufuwa, alamar iri ɗaya ce. In kuma ka ja ya ƙi, ka saki ya koma da kansa, toshewa ce, ko tayoyin sun tsaya a kan tiyon sun matse shi. Don ka rarrabe, saki hed ka sake ja da murfi a buɗe. Ya ƙi har yanzu, toshewar tana tsakanin murfi da bakin tiyo. Ya taho, to can sama take, a hed ko hanyar tanki.

Kada ka fizgi sirinji. Ja mai ƙarfi yakan jawo iska cikin hed, yakan kuma lahanta siraran sassan cikinsa.

6. Wanke murfi da buɗe tiyo

Jiƙa tsinken auduga ka goge leɓen murfi har robar ta fito tas, haka waifa gaba da baya. Kada ka kankare da allura ko reza. Ƙarzane ɗaya a leɓen nan ya isa ya hana shi mannewa har abada. Cika soson da ruwan wanki mai ɗumi kaɗan, ka ba shi kamar rabin awa ya jiƙa, sannan ka ja ta bakin tiyo. Da fari ba abin da zai zo, daga nan gudaji-gudaji baƙaƙe, sannan ruwa ya biyo. Maimaita har ruwan ya riƙa wucewa ba gardama.

In ja ya ƙi, ana iya turawa daga bakin tiyo zuwa murfi, amma da hed a gefe, da ƙyalle a kan murfin, kuma da taushin hannu. Turi mai ƙarfi yana ɓalle tiyo daga mahaɗarsa a can ciki inda hannu ba ya kai. Tura waya cikin tiyo kuma huda shi take yi.

Ruwa da wayoyin hed ba sa ga maciji da juna. Ɗigo ɗaya a bakin faffaɗar wayar nan, aka ba da wuta, zai iya ƙona hed ya tafi da fis ɗin F1 a kan bod. In ruwa ya fallatsa, ka bari ya bushe sarai kafin ka kunna.

7. Ciro famfon

Sai an kai nan ake kwance gangar jiki. Zare wuta, ka rufe makullin tanki in akwai, ka ɗauki hoto kafin kowane noti da kowane sifirin. Wasu giyoyin suna da alamar kibiya ko ɗigo da dole su fuskanci juna. In aka mayar da su a goce, murfi zai riƙa hawa lokacin da ya kamata ya sauka.

Da famfon a hannunka, sa bakin tiyon shiga cikin kofin ruwa, ka juya giyar da yatsa. Ta fuska ɗaya ruwa ya kamata ya tafi a jere, ta ɗayar kuma ta juya sakayau. Toshe bakin da yatsa ka juya, ya kamata ka ji yana tsotsar fatar. In ba haka ba, buɗe gidan. Tiyon da ya gaji za ka gan shi ya baje a inda tayoyi ke bi, in ka matsa ba ya dawowa, wani ma cikinsa ya manne. Tayoyin kuma busasshiyar tawada takan riƙe su a wurin saki, famfo yana ta juyawa ba ya matse komai. Wannan wanki kawai yake so. Bi giyoyin haƙori bayan haƙori, ka duba tsagewa a ramin da sanda ke shiga, don giyar da ta tsage a nan daga waje lafiya take, amma da nauyi ya hau ta sai sandar ta riƙa juyawa ita kaɗai. Ka nemi abin da ya jawo karyewar, ƙusar sitefula ko guntun takarda, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahu.

Ra'ayina a kan gyara da canji: toshewa da datti da sifirin da ya goce, a gyara. Tiyon da ya baje, leɓen da ya tsage, giyar da ta karye, a canza sashen gaba ɗaya, tunda murfi da famfo a haɗe ake sayar da su, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na hed ba. Na ga masu saka tiyon ƙarin ruwa na asibiti. Kaurinsa da laushinsa ba ɗaya ba ne, ko dai tayoyi su kasa rufe shi, ko ya yi tauri ya karya giya. Manna haƙori da gam ma ba ya kai ko'ina. Giris ɗan ƙyas a haƙoran giya ya isa, kada ya taɓa murfi ko waifa.

8. Auduga, sannan risetin

Famfon da ya dawo aiki zai fara zubar da tawada da gaske, don haka audugar ta zama a shirye. In ta jiƙe sharkaf a canza ta. Wankakkiya ba ta sha kamar sabuwa, mai sauran danshi kuma ba ta da wurin karɓa. Sababbin firintoci sun sauƙaƙa wannan da akwati mai cirewa, kamar MC-G02 a Canon G2420 da G3420, ko C9344 a Epson L3550, wanda canza shi ke sabunta lissafin. A tsofaffi, sai an canza auduga ake risetin. Risetin a kan cikakkiyar auduga ƙarshensa tawada a kan teburin mai kaya, wani lokaci har cikin sashen wuta.

In ka fitar da tiyon zuwa kwalba a waje, kwalbar ta zauna daidai da gindin firinta. In ta fi famfo tudu datti zai komo murfi. A huda marfinta iska ta fita, kuma kada bakin tiyon ya nutse cikin tawadar.

9. Mayarwa da gwaji

Bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Tabbata tiyo bai lanƙwashe ba, ba kuma abin da ya danne shi. Buɗe makullin tanki. Sake gwajin ruwa da na sirinji, sannan ka sa kilinin guda kana kallon bakin tiyon: tawada ta fito, ba kumfa zalla ba. Buga gwajin layuka ka kwatanta da na farko.

In da sauran giɓi, kada ka wuce kilinin uku. Umarnin Epson shi ne a bar ta ta huta awa 12 kafin a sake, don kumfar iska ta kwanta, busasshiyar tawada kuma ta jiƙa. Babban kilinin mai shan tawada da yawa ba a yin sa sai tankuna sun kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba iska zai cusa cikin hanya. A Canon ka ƙara kula: hed ɗinta da zafi yake harba tawada, tawadar ce kuma ke sanyaya shi, don haka yawan bugu da kalar da ta ɗauke ƙona shi yake yi. In famfo yana ja, murfi ya manne, tawada tana isowa, an huta an sake, giɓin kuma yana nan wuri guda bai motsa ba, to binciken ya koma kan hed.

Kafin ka miƙa ta, shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka duba ko akwai ɗigo. Ka gaya wa mai ita ya riƙa kashe ta ta maɓallinta, ya jira hed ya kwanta kafin ya kashe soket. In wuta ta ɗauke ana bugu, da ta dawo ya kunna ta hed ya koma mazauninsa. Ya buga shafi mai kala huɗu ko sau ɗaya a mako, ya lulluɓe ta da zane lokacin hunturu, kuma kada ya haɗa mata tawada iri biyu a tanki ɗaya.